Dalma a Murhun Inna

Duk wanda ya ba ku labarin ranar da na turo baro cike da fasassun batura na juye su a gaban mai sayen mota, to wutsiyar labarin ya ba ku, ita ma sai da ya murɗe ta. A garinmu Anka tun ranar aka gama yanke mini hukunci: wai haushin korar da Yayana ya yi mini daga wurin aiki ne ya sa na kashe masa ciniki. Wasu suka ce boko ne ya hau mini kai, ni da na gama sakandare da ƙyar da jiɓin goshi. Wata tsohuwa a layinmu cewa ma ta yi a nema mini ruƙiyya. Na ji duka na haɗiye. Yau kam na gaji da haɗiya, sai ku gyara zama.

A wasu shekaru da suka shige, Yaya yana da wurin sayar da motoci a bakin titi. Kada ku ɗauka wani katafaren waje ne. Rumfar kwano ce da waya a zagaye, da 'yan motocin Kwatano da yake kawowa ta hanyar Gummi. Masu harkar zinari su ne manyan masu sayensa, sai ma'aikaci jefi-jefi. Da na gama makaranta ina zaune gida ina faɗa da kowa har da kaji, sai Inna ta ce masa ya tafi da ni ko gidan ya huta. Ya ɗora ni a kan batura, don aikin da kowa ke gudu ne.

Mutane suna zaton motar da ke ajiye hutawa take yi. Ina! Motar da ba a hawa cin batirinta take yi a hankali, har ranar da mai saye zai murɗa makulli ta yi masa ƙas-ƙas ta yi shiru. Saboda haka da safe nakan bi su ɗaya bayan ɗaya in tayar, in bar injin ya yi ta aiki har batir ya ƙoshi. Wadda na san za ta daɗe ba a taɓa ba, in kwance mata kan batir guda. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir kamar gishiri, in wanke shi da ruwan kanwa mai ɗumi, in goge, in shafa giris. Wanda ruwansa ya ja baya in ƙara masa ruwan batir na kwalba, ban yarda da ruwan rijiya ba ko da Yaya zai yi ta tsaki. Hijabaina duk sun huje da ɗigon asid, in na tsaya a rana kamar rariya. Amma dai a hannuna babu motar da ta taɓa kunyata shi a gaban baƙo.

Sai kasuwa ta tsaya. Hanya ta lalace, masu zuwa daga Bukkuyum da ƙauyuka suka ɗauke ƙafa, mai kuma ya yi tsada. Wata safiya ina cikin tayar da mota Yaya ya zuro hannu ta taga ya zare makulli.

“Ke, man ga daga rijiyar gidanmu kike ɗebo shi?”

“Yaya, in ban tashe su ba baturan mutuwa za su yi.”

“Su mutu. Mota na tsaye ba ta zuwa ko'ina, ke kina ƙona min mai tana waƙa. Daga yau na hana.”

Na ce masa batir ya fi man da yake tausayi tsada. Ya ce in na buɗe nawa wurin sai in yi yadda nake so. Haka suka riƙa mutuwa ina kallo, yau wannan, jibi wancan, ina zaune a kan benci ina cin raina.

Da suka taru, wani abokinsa da ya yi zaman gareji ya koya masa dabarar farfaɗo da su. A yanke murfin batir, a zubar da ruwan, a zaro farantan da suka ruɓe, a ɗauko masu sauran rai daga wani batirin a jera, a narka dalma a liƙe, a zuba sabon kai, a toshe murfin ya koma kamar ba a taɓa ba. Matsalar ɗaya ce: ba a yin wannan aiki a inda mai saye zai gani. Wa zai sayi mota ya san an yi wa batirinta faci? Shi ya sa Yaya ya kwashe su ya kai gida, ya jibge bayan madafin Inna.

A nan sai na gaya muku ko su wane ne mu, don ku gane abin da ya fi ƙona ni. Asalinmu mutanen Abare ne. Muna can lokacin da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara, sa'ad da ake kawo dutsen zinari cikin gidaje ana daka ana niƙa. Ina ƙarama, amma ban manta ƙanena ba, da yadda jikinsa ya riƙa sanƙarewa a cinyar Inna har ya cika. Ban manta mutanen da suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidanmu suka zuba sabuwa ba. Bayan nan ne muka dawo Anka. Tun daga lokacin Inna ta kafa doka: duk mai aikin ma'adini, ko ɗan ɗakinta ne, ba ya tsallake zaure da takalminsa. Sai ya cire, ya kaɗe rigarsa a waje, ya wanke ƙafa. Ta taɓa korar ƙaninta da tsintsiya saboda ya shigo da ɗan ƙullin dutse a aljihu zai nuna mata.

Wannan Innar ce na dawo gida na tarar ta sauke tukunyar miya ta matsa wa Yaya, ya ɗora wani tsohon ludayin ƙarfe a kan garwashinta yana narka dalma. Hayaƙin na tashi, tana yi masa fifita da maficinta.

Na tsaya a bakin madafi na ce, “Inna, mi nike gani haka?”

“Aikin yayanki ne. Kauce kin tare mai haske.”

“Dalma ce hwa!”

“To an ce miki zinari ne?” in ji Yaya, ko ɗago kai bai yi ba.

“Ita ce ta kashe mana yaro a Abare. Ita ɗin dai, ba wata ba.”

Inna ta ajiye mafici. Ba ta son a ambaci ƙanena, na kuma san haka sarai, amma bakina ba shi da birki. Ta dube ni ta ce, “Kul na ƙara jin wagga magana. Waccan ɗanya ce, daga rami aka haƙo ta da dafinta. Wagga kuwa dahwahwiya ce, kamfani ya tace ta. Rogo ma in an dahwa shi ai ba ya kisa.”

Wallahi har yau in na tuna maganar rogon nan sai in ji kaina ya yi zafi. Kuma ba Inna kaɗai ba. Maƙwabcinmu da ya leƙo ya ce gaskiyarta. Abokin Yaya ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki ko ciwon kai bai taɓa yi ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu kuwa tsumman muke ta gudu, macijin ya canza riga ya shigo mun shimfiɗa masa tabarma. Abin da aka ce mana a Abare shi ne kada a kawo dutse gida, muka riƙe maganar gam, ba mu ƙara mata ko wasali ba. Batir ai ba dutse ba ne.

Ban iya lallashi ba, wannan kowa ya sani. Da wata ce mai sanyin baki da ta jira Yaya ya ci ya ƙoshi ta bi da shi a hankali. Ni kuwa washegari a wurin aiki, a gaban abokansa, na ce masa ya zaɓa, ko ya bar ni in ci gaba da tayar da motoci baturan su daina mutuwa, ko ya nemi wani kango can bayan gari ya yi fashe-fashensa. Ya ce kangon wa, a sace masa kaya? Na ce to a sace, ya fi a binne wani. Nan take ya karɓe sifanar da ke hannuna.

“Tahi gida. Kada in sake ganin ƙahwarki nan. Ƙanwar bayana za ta koya min sana'a?”

Kun ji korar da ake ta faɗa. An yi ta, ban musa ba. Amma da haushinta ne da a ranar zan yi abin da zan yi, ni ba mai ajiye fushi ya kwana ba ce.

Zaman gidan ne ya nuna mini abin da ban gani ba da can. Ruwan da Yaya ke zubarwa ya cinye ƙasar bayan madafi ta yi fari. Baƙin taɓon da ke fita daga farantan ya bushe ya zama gari, iska na kwasa tana watsawa har kan tabarmar da ake shanya tsaki. Akwatunan baturan da aka gama da su kuwa Inna ta wanke ta mayar da su mazubin ruwan kaji, tana yaba ƙwarinsu, wai sun fi kasko. In na share, gobe a ƙara. In na yi magana, a ce na fara.

Kuma a gidan akwai ɗiyar Yaya, ita kaɗai gare shi a lokacin. Tana rarrafe, haƙora na fito mata, duk abin da hannunta ya kai sai baki. Ni ke goyonta tun tana jaririya, don uwarta, wadda nake kira Anti, ba ta cika lafiya ba. In yarinyar ta ji muryata daga zaure sai ta fara tsalle da gindi tana miƙo hannu. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa na cika faɗa ba.

Ran nan da hantsi na fito daga wanka na ji gidan tsit, ba kukanta. Na leƙa na gan ta zaune a inuwar madafi, ta yi lamo, tana tsotsar wani abu da hannu biyu, miyau na zuba. Na sa yatsa na zaro. Sabon kan batir ne, cikin waɗanda Yaya ya zuba ya bari su huce a kan bulo. Ta tattaune gefensa da 'yan haƙoranta biyu, leɓenta da tafin hannunta sun yi toka-toka.

Na ɗaga shi na nuna wa Inna. 

Ta ce, “Ai dasashinta ke ƙaiƙayi, sanyin abin take so. Tun ɗazu ta yi shiru, ke kin zo kin tashe ta.”

Anti na bakin ƙofarta, ta dube ni ta sunkuyar da kai. Ita ba 'yar Abare ba ce, amma ta ji labari, kuma na ga tsoro a idonta. Sai dai ba ta iya buɗe baki a gaban uwar miji.

Na ƙulle kan batirin a bakin zanena. Na wanke wa yarinyar baki da hannu da sabulu tana ta ihu, na miƙa wa uwarta, na ce kada ta sauke ta ƙasa. Na shiga maƙwabta na aro baro. Na loda fasassun baturan, da farantan, da ludayin, da akwatunan da kajin Inna ke sha a ciki bayan na kifar da ruwan. Inna na bina tana salati tana cewa, “Wagga ɗiya ta haukace! Ina za ki da kayan mutane?” Na ce inda suka fito.

Ku da ba ku taɓa tura baron batura ba, ku gode wa Allah. Nauyinsu kamar an tara duwatsun niƙa. Ga rana ta take, ga ƙafar baron na kuka, ga ni da hujajjen hijabi ina haki a tsakiyar titi, 'yan acaba na ratse ni suna dariya. Wani ya ce, “Hajiya, gwangwan aka koma?” Na ce masa ya bari in dawo in auna shi. Na tsaya hutawa ya fi a ƙirga, duk tsayawa kuma sai in tuna bakin yarinyar nan in sake ɗagawa.

Ban san akwai baƙo a wurin ba, wannan ita ce gaskiya, ko ku yarda ko ku bari. Amma da na sani ma ba na jin zan juya. Wani Alhaji ne mai harkar zinari daga wajen Bukkuyum, shi ne mai saye na farko da aka gani bayan dogon lokaci. An buɗe masa gaban mota yana leƙawa, Yaya na gefensa yana washe baki yana cewa komai nata na asali ne. Na turo baron har gabansu na kifar. Ƙarar sai da ta sa Alhajin ya yi baya ya dafe hula.

“Yaya, ga kayanka. Nan ne wurinsu. In facin za ka yi, yi shi nan inda manya ke tsayawa da takalmi, ba inda ɗiyarka ke rarrafe ba.”

Alhajin ya dubi tulin, ya dubi batirin da ke cikin motar, ya kai yatsa ya shafa inda aka liƙe murfin. Ya ce wa Yaya, “Ashe haka muke da kai?” Ya kaɗe hannu, ya ce zai yi shawara. Kowa ya san ma'anar wannan shawara.

Yaya ya ɗaga hannu zai mare ni. Na miƙa masa kan batirin nan da ke ƙulle a bakin zanena, na ce ya duba shaidar haƙoran da ke jiki kafin ya sauke hannun. Ya duba. Bai mare ni ba, amma abin da ya faɗa ya fi marin ciwo.

“Kin kashe min kasuwa a kan ɗan abin ga? Yara nawa ke cin ƙasa suna girma?”

Kafin la'asar labari ya gama gari, an kuma cire yarinyar daga cikinsa tas. Abin da ya rage shi ne ƙanwa ta tona wa wanta asiri don ya kore ta. Kawunmu ya zo har gida ya ce in durƙusa in ba da haƙuri. Na ce zan durƙusa, amma sai an auna jinin ɗiyar. Aka ce ba za a auna ba, lafiyarta ƙalau, kada in ja mata baki.

Washegari da safe Anti ta shigo ɗakina da yarinyar a goye, ta kwance ta ta ɗora mini a baya, ta ce a hankali, “In an tambaye ni, zan ce kin tahi da ita yawo.” Wannan ne kaɗai taimakon da na samu a gidan, kuma ya isa. Na kai ta asibiti wurin masu duba yaran dalma. Suka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ana niƙa dutse a gidanmu. Na ce a'a, batir ake fasawa. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce a kira uban.

Akwai dalma a jinin, har ta kai a ba ta magani, amma sun ce an zo da wuri. Yaya ya zo ya ji da kunnensa. Da muka koma gida shi da kansa ya ɗauki shebur ya kankare bayan madafi da tsakar gida, ya loda a buhuna, ya sa aka kawo sabuwar ƙasa. Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, don ta taɓa ganin wannan aikin sau ɗaya a rayuwarta. Aka fasa murhun aka gina wani. Ba a ƙara fasa batir a gidanmu ba, matattun sai ya bayar da su a rufe yadda suke ga masu zuwa saye.

Amma ko sau ɗaya babu wanda ya ce mini, ke, ashe gaskiyarki. Inna cewa ta yi Allah ya tsare. Yaya ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata. A waje kuwa ba su gyara labarin ba, don gyara shi yana nufin su faɗi abin da aka samu a jinin ɗiyarsu, su mutanen Abare da suka fi kowa sanin dalma. Sun gwammace a ce ni ce mara kunya. Na bar musu, don ni ma ba na son a riƙa nuna yarinyar da baki.

Yanzu komai ya wuce. Kasuwar Yaya ta farfaɗo, har ya sa ana tayar masa da motoci kowace safiya, abin da ya kore ni a kansa. Ni ma na yi aure, ina nan cikin gari da 'yar sana'ata. Muna gaisawa, muna zumunci. In kun tambaye ni ko na yi nadama, nadamata ɗaya ce, da na tsaya ina surutu har sai da abin ya kai bakin yarinyar. Ranar da na ga ludayin nan a kan wuta ya kamata in aro baro.

Abin da ya sa na tono zancen yau shi ne, ɗiyar ta shiga firamare, kuma karatu na yi mata wuya. Abin da 'yan ajinsu suka riƙe yau, ita sai an maimaita mata an sake maimaitawa. Ko dalmar ce, ko haka Allah ya yi ta, ban sani ba, masu asibitin ma ba su rantse mini ba, sun dai ce yakan faru. Shekaranjiya na shiga gidan na tarar Yaya tsaye a kanta da littafi, tana kuka, yana ce mata daƙiƙiya, wai ba ta biyo gidansu ba. Shi ɗin. Da bakinsa.

Ban yi ihu ba, har ni kaina na yi mamaki. Na dawo gida na yi magana da maigidana, ya amince. Na share ƙaramin ɗakinmu, na sayo allo da alli. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ni zan zauna da ita kullum bayan la'asar, harafi ɗaya in ya ɗauke mu mako to ya ɗauka. Anti ta riga ta haɗa mata kaya a ɓoye. Gobe da safe zan je in ɗauko ta ta zauna a hannuna, kuma zan gaya wa Yaya a fuskarsa, ba roƙonsa na zo yi ba.